Murya Biyu a Ƙirjin Baba Lau

Dutsin-Ma,
Ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Safiya, Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a ƙasar Sin, Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya buɗe miki karatun likitan da kika je nema. Amin.

Na san sai kin isa masauki kin buɗe akwati za ki ga takardar nan, don ƙarƙashin zannuwanki na cusa ta. Na kuma san abin da za ki fara lalube ba za ki same shi ba. Kwalbar turaren wutar da Goggonki Tabawa ta haɗa miki, da ɗan kaskon nan mai marfi, ni na cire su. Kada ki ɗora wa ma'aikatan jirgi laifi, suna nan ƙarƙashin gadona. A gurbinsu na sa miki abin shaƙarki guda biyu, shuɗin da mai ruwan ƙasan, waɗanda kika ce wai kin manta a kan taga. Haba Auta! Ni za ki yi wa wannan? Mutum yana manta takalmi, yana manta man shafawa, amma mai asma ba ya manta maganinsa a kan taga sai in da gangan. Kunya kike ji a gan ki da shi cikin baƙin mutane. Ban ga laifinki ba, don ni na koya miki wannan kunyar.

Ki zauna ki karanta a hankali. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, kin sha yi masa dariya, yau kuma sai ki yi haƙuri da shi. Kin ce mini asibitin da za ki koyi aiki cike yake da tsofaffi masu ciwon ƙirji. Tun da kika faɗi haka na kasa sukuni, don na taɓa sanin ɗaya daga cikin tsofaffin can, kuma saura kaɗan in kashe shi da hannuna. Amma kafin in kai gare shi sai na fara da kakarki Dada.

Ba ki san Dada ba. A Rawayau take, sana'arta daddawa. Ɗakin da take dafa kalwa ba shi da taga, bangonsa baƙi ƙirin, in ka shafa sai hannunka ya yi maiƙo. Tun tana yarinya tana da fito a ƙirji, wanda yanzu kuke ce wa asma. Yana zuwa da farkon damina da lokacin sussuka, ya yi kwanakinsa ya wuce, ta koma ras kamar ba ita ba. Ni ma na gaji kaɗan daga ciki, sai dai ban taɓa ɗaukar shi a bakin komai ba. Da girma ya kama Dada sai wata murya ta biyu ta shigo ƙarƙashin ta farko. Wannan ba fito ba ne, gurnani ne can ƙasa, kamar tukunyar tuwo ta fara ɓararraka. Ita kuma ba ta tafiya ko'ina. Rani da damina tana nan. In kina tsakar gida kina jin su su biyun, ɗaya siririya a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa, wannan ta kira wannan ta amsa. Wallahi ko kaji ba sa shiga ɗakinta.

Tsofaffin gari suka ce mutanen ɓoye ne, da can ɗaya ne, yanzu ya kawo abokin zama. Maganinsu hayaƙi. Aka haɗa tazargade da ƙaro da 'yar farar wuta, aka ce a zuba a garwashi a sa mata a ɗaki, a saki asabari a toshe ko'ina, kada a buɗe sai muryoyin sun yi shiru, don shirun shi ne alamar sun fita. Ni na ɗauki kaskon, lokacin ban daɗe da aure ba. Dada ta dube ni ta ce, "Hajara, a bar mini ɗan gefen asabarin." Na ce, "Dada, ki daure, in an bar hanya ta nan za su laɓe." Na saki asabarin, har na sa dutse na danne ƙasansa.

Muka tsaya a waje da rana tsaka muna saurare. Fiton ya yi sama, ya yi sama, gurnanin yana bin sa. Can sai ɗif. Wata tsohuwa ta ce, "Alhamdulillahi, sun fita." Na yi murna, Auta, har na yi dariya. Da na ɗaga asabarin na tarar da ita zaune ta jingina da bango, hannuwa kan gwiwa, ido buɗe tana kallon ƙofa. Ba ta sake magana ba. Na san kwana ne ya ƙare, amma hannuna ne ya ɗauki kaskon, kuma ni na danne asabarin da dutse.

To ga nasihata ta farko. Duk ranar da kika tsaya kan tsoho mai haki, ƙirjinsa yana kuka, ki gode wa Allah yana kukan, don iska ce ke wucewa. In ya yi shiru alhali mutumin yana fama, ki ƙwala ihu ki tara duk wanda ke kusa. Malamanki za su koya miki wannan da manyan kalmomi, ni a bakin ƙofar uwata na koye shi. Kuma in mara lafiya ya ce a buɗe masa taga, ki buɗe, kada ki tsaya yi masa bayani.

Za ki ce ai daga nan na yi hankali. Ina! Abin da aka gaya mini a wurin zaman makoki shi ne mun makara, da tun suna ɗaya aka yi hayaƙin da ta tashi. Na riƙe wannan magana a zuciyata shekara da shekaru, cewa laifinmu jinkiri ne.

Bayan rasuwar babanki, kina goye, na koma sayar da abinci a wurin fasa dutse da ke kan hanyar Kurfi. Wasu 'yan Caina ne suka kafa injinsu a can suna aikin hanya. Na kafa murhuna ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ina dafa shinkafa da wake, ina tuyar ƙosai da awara, leburori daga Wurma da Kuki suna ci. Cikin 'yan Cainan akwai wani tsoho siriri mai farin kai, shi ke gyaran injin. Nasu suna kiran sa da wani dogon suna, mu muka taƙaita muka ce Baba Lau. Kullum da gorar shayi a hannu, da karan sigari a maƙale a kunne.

Ranar da na fara jin sa ban gan shi ba tukuna. Injin ya tsaya, wurin ya yi tsit, ina tsugune ina hura wuta. Sai na ji fito a bayana, siriri, da gurnani a ƙarƙashinsa. Na rantse miki da Allah na ɗauka Dada ce ta tsaya a kaina, har na ji warin kalwa a hancina. Na waiwaya a hankali, sai ga wannan tsoho yana miƙo mini gora, yana nuna tukunyar ruwan zafi. Ludayi ya faɗi daga hannuna.

Leburori ma sun lura. In ya nufo inuwa sai su matsa, wani ya ce, "Biyu ne a jikinsa, da su ya taho tun daga ƙasarsu." Ni kuwa na fi kowa. In ya taɓa kwano sai na wanke shi daban ina a'uziyya. In ya miƙo miki alewa sai in fizge ki in juya baya. Yana gani sarai. Sai ya yi ɗan murmushi ya ajiye alewar a kan dutse ya koma can nesa ya zauna shi kaɗai, mu muna jin numfashinsa daga inda muke. Ina jin kunyar wannan har yau. Ke ma yanzu baƙuwa ce a ƙasar mutane, wataƙila wani ya janye ɗansa in kin matso. In haka ta faru kada ki riƙe shi a rai, uwarki ma ta yi. Kuma tsofaffin da za a ba ki, kada ƙarar ƙirjinsu ko kakinsu ya sa ki tsaya daga bakin ƙofa. Ki matsa kusa ki zauna, sun san mai gudun su.

Wata rana ina tuya kina bayana, hayaƙi yana tashi ta kanmu, sai na ji kin fara wani numfashi. Na sauke ki, haƙarƙarinki yana shiga yana fita. Na ruɗe, na rasa abin yi sai jijjiga ki. Ban san lokacin da Baba Lau ya zo ba. Ya tsuguna, ya karkata kai yana sauraren ki, sannan ya ɗauke ki ya kai ki can nesa da murhu inda iska ke kaɗawa. Ya ƙwala wa tafintansu kira, wani Malam Nasiru da ya taɓa zaman kasuwanci a ƙasarsu. Malam Nasiru ya ce mini, "Hajara, ya ce ki shiga mota yanzu, asibiti za a kai ta." A motarsu aka kai mu. Ranar aka fara ce mini asma gare ki. Da ba don tsohon da nake wanke kwanonsa daban ba, ban san abin da zai faru ba.

Daga nan na sake. Na koyi dama masa kunun shinkafa tsululu yadda yake so, ba sukari ba komai. Ke kuwa kin maƙale masa, kina ja masa gora. Amma kullum na ji muryoyin nan biyu sai zuciyata ta ce, wannan bawan Allah ya yi miki alheri, kin san abin da ke jikinsa, kin san maganin, kuma kin san abin da jinkiri ya ja wa Dada. Alheri na so in rama, Auta. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Ranar wata Juma'a ce, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi-sanyi. Ƙirjin ya tasar masa tun safe, bai fito aiki ba, yana kwance a ɗakinsa na kwantena. Da azahar leburori da Malam Nasiru suka tafi masallaci, 'yan'uwansa suka shiga gari sayayya. Wurin ya rage daga ni sai ke kina barci a tabarma, sai duwatsu. Ban taɓa jin wurin nan ya yi shiru irin na ranar ba, ko tsuntsu babu. Ta cikin bangon ƙarfe nake jin su, ta sama da ta ƙasa. Na kwance ƙullin da na daɗe ina yawo da shi a haɓar zane, na ɗebi garwashi a kasko, na zuba. Na tura ƙofa. Ya jingina da filo ya ɗan samu gyangyaɗi, baki buɗe. Na ajiye kaskon a ƙarƙashin gado, na fito na ja ƙofar, na toshe ƙasanta da tsumma.

Na tsaya ina saurare, daidai yadda na tsaya a Rawayau. Tari ya fara. Na ji wani abu ya faɗi. Fiton ya yi sama. Na ji ana dukan bangon ƙarfen da tafin hannu, a hankali, a hankali, na ce a raina su ne ke neman hanya. Sannan ɗif.

Bakina har ya buɗe zai ce alhamdulillahi. Sai na ji muryar Dada, ba a kunne ba, a cikin kaina, tana cewa a bar mata ɗan gefen asabarin. Na banke ƙofar. Yana ƙasa a durƙushe, hannu ɗaya yana lalube kan tebur inda abin shaƙarsa yake, leɓunansa sun koma kalar toka, idanunsa a kaina. Ƙirjin yana ɗagawa amma babu ƙara ko kaɗan. Na yi waje da kaskon na jefar, na jawo shi ta hammata har bakin ƙofa, na danƙa masa abin shaƙar, na fita titi ina ihu kamar mahaukaciya. Allah Ya kawo masu dawowa daga masallaci. Da suna ɗaga shi zuwa mota na ji fiton ya dawo, siriri ƙwarai. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Ya daɗe a asibiti a Katsina, an sa masa iska ta roba a hanci. Ni kuwa na naɗe kayana ina jiran 'yan sanda. Ba wanda ya zo. Da ya dawo ya rame, ya sa Malam Nasiru ya kira ni ƙarƙashin bedi. Malam Nasiru ya ce, "Ya ce bai gaya wa kowa ba, amma yana son ya san dalili." Na faɗa masa komai, har Dada, ina kuka. Da aka fassara masa sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi ma da yana yaro uwarsa ta sha ƙona masa ganye a ɗaki. Ya ce mutanenmu sun yi gaskiya a abu ɗaya, su biyu ne.

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce wannan tun yana yaro take tare da shi, baƙuwa ce, ta zo ta tafi, in ya shaƙi magani ta saki. Ya ɗaga na biyu. Ya ce wannan da girma ta zo, sigari ya kawo ta da hayaƙin kwal, ita ba ta jin magani sosai kuma ba ta da niyyar tafiya. Ya haɗa yatsun biyu ya matse. Ya ce in suka haɗu a ƙirji ɗaya, abin da mai guda ɗaya zai daure shi kayar da shi yake yi, sanyi kaɗan, mura kaɗan, hayaƙi kaɗan, sai asibiti. Ya ce shekaru da yawa likitocin garinsu wannan ya ce asma ce, wancan ya ce ciwon masu shan taba ne, kowa ya ba shi maganin rabi, sai daga baya aka gane duka biyun ne.

Sannan ya ba ni labarin ƙauyensu, wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi yar. Ya ce can sanyi yana da tsanani, sai a rufe ƙofa da taga a kunna kwal a cikin ɗaki, mata na girki a ciki, maza na busa sigari a ciki. Ya ce in ka fito da sassafe ka bi layi, kowane gida kana jin tsohonsa ta bango, wannan na fito, wancan na gurnani, ka san kowa da muryarsa. Ba a buƙatar mai shela a garin. In ka wuce gida ka ji shiru, sai ka koma ka sa farin kaya na makoki ka zo gaisuwa. Na ce wa Malam Nasiru ya gaya masa ai Rawayau ya kwatanta, kwal ɗin ne kawai babu.

Don haka in aka kawo miki tsoho, ki tambaye shi tun daga yarinta. Kada ki tsaya kan sigarin da kika gani a aljihunsa ki ce kin gama ganewa. Tsohuwar da ba ta taɓa shan taba ba kuma ki tambaye ta da me ta yi girki, a wane irin ɗaki. Ki saurara da kyau ko ɗaya ce ko biyu. Kuma an ce mini can miƙa wa baƙo sigari girmamawa ce, ɗaki ya turnuƙe ana hira. Ki yi godiya ki tashi ki fita, ko za a ce ba ki da ladabi.

Da aka zo mayar da shi ƙasarsu, ya biyo ta wurin murhuna yin sallama. Ina tuya, tari ya kama ni. Ya tsaya ya karkata kai yadda ya yi miki. Ya nuna ki ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya nuna ni ya ɗaga ɗaya, sannan ya dubi hayaƙin da ke tashi, ya fara ɗaga na biyu a hankali, ya tsaya da shi a rabi. Malam Nasiru ba ya nan balle ya fassara. Na yi dariya na ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Baba." Na ci gaba da tuyata. Da me zan ciyar da ku in na kashe wutar? Ban sake jin labarinsa ba.

Kuskurena a kanki kin san shi, amma bari in faɗa da bakina. Na ɓoye ciwonki. In ya tashi gaban mutane sai in ce mura ce. Na hana ki fito da abin shaƙa a makaranta, wai kada a ce ɗiyar Hajara mai ciwo ce a guje ki. Mai ruwan ƙasan nan da likita ya ce ki riƙa shaƙa kullum ko kina lafiya, da na ga kin warware sai in ce ki ajiye, kada jiki ya saba. Kuma na zaunar da ke bakin kasko kina juya mini awara har kika gama sakandare. Ga turaren wuta kullum magariba, don kada a ce ɗakinmu ba ƙamshi. Ni da na ga Dada, na ga Baba Lau! Ki yafe mini. Ki shaƙi na kullum ɗin nan kullum, ki sa shuɗin a aljihun rigar aikinki, in ya kama ki fito da shi gaban shugaban asibitin ma. Da kin isa ki nemi likita ki gaya masa kina da asma tun kina goye, kafin sanyinsu ya zo. Ɗakinki kuma ya yi warin duk abin da zai yi, ban yarda ki kunna komai a ciki ba.

Saura guda, ita ce na fi jin nauyin rubutawa. Bayan an gama aikin hanya sun kwashe kayansu, wata rana ina dawowa daga kasuwar Kurfi na ce mai babur ya sauke ni a wurin, in ga tsohon murhuna. Ba kwantena, ba inji, sai daɓen siminti da ciyawa. Na hau ɗan tudun na tsaya inda ɗakinsa yake. Sai na ji su. Fito a sama, gurnani a ƙasa, kusa da ni ƙwarai. Na waiga gabas da yamma, ba kowa sai duwatsu. Na ce shi ke nan, tsohon ya mutu can, su kuma sun dawo inda na yi musu hayaƙi. Na gangaro da gudu, suna bi na, ina ƙara sauri suna ƙara ƙarfi.

Suka biyo ni gida. Ba kullum ba da farko. In ina shara sai in ji su a bayana. In na yi sujada sai in ji su a kan dadduma, dab da kunnena. Ban gaya wa kowa ba, na ƙara turare, na ƙara addu'a. Wata safiya kin tafi makaranta, ina zaune ni kaɗai a ɗaki suka fara. Tsoro ya sa na ɗauke numfashi don in ji ta wane lungu suke. Sai suka yi shiru. Na saki, suka dawo. Na sake ɗaukewa, shiru. Na daɗe zaune a wurin da hannu a ƙirji.

Bara da na ce miki zan je biki Kurfi, asibiti na je. Wata likita ta sa na hura cikin wata na'ura har na ga duhu-duhu, ta ba ni magani na shaƙa, na huta na sake hurawa. Ta dubi abin ta ce, "Mama, ya ɗan buɗe amma bai buɗe duka ba. Ciwo biyu ne suka haɗu miki." Na ce, "Na sani, ɗiyata, wani ɗan Caina ya riga ki faɗa." Ta ce ta farkon ana iya riƙe ta, ta biyun ba ta fita, sai dai a rage mata gudu, kuma in rabu da hayaƙi. Shi ya sa na daina tuya. Ba ciwon baya ba ne kamar yadda na gaya miki. Kin sha tambaya ta me ya sa nake tsayawa a tsakiyar zaure ina gyara ɗankwali, to numfashi nake jira.

Kada ki kuskura ki ce za ki dawo saboda wannan. Wallahi in kika baro karatunki kika zo, ba zan buɗe miki ƙofa ba. Yayanki Sani ya sani, ya sayo gas, matarsa ke girki, ina shan maganina safe da yamma. Na ɓoye miki ne don na san halinki, da kin ji da ba ki hau jirgin ba. Yanzu kuwa kin riga kin sauka.

Jiya da la'asar kin gaji da haɗa kaya, barci ya kwashe ki a tabarma. Na lallaɓo na durƙusa na ɗora kunnena a bayanki. Sai da na ɗauke nawa numfashin don kada su dame ni in kasa jin naki. Na saurara har idona ya fara rufewa. Ɗaya ce, Auta. Siririya, can nesa, ita kaɗai. Har yanzu ɗaya ce.

Ba na son tsaraba, ba na son atamfa ko waya. Ranar da Allah Ya dawo da ke, ki tsaya a bakin zaure ki ɗaga mini yatsa ɗaya, in gani daga inda nake zaune. In kuma kin iso kin saurara kin ji gidan shiru, ki ɗaga shi duk da haka, sannan ki shiga.

Allah Ya tsare mini ke daga sanyinsu da hayaƙinsu, Ya sa hannunki ya zama sauƙi ga tsofaffin mutane, Ya jiƙan Dada da babanki. In kin ga wani tsoho siriri mai gorar shayi yana haki a bakin gado, ki buɗe masa taga ki gaishe shi da kyau. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo da ke da numfashinki cikakke. Amin, amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.